Labarin Zakariya Gunaim, Mai Tonon Dalar Masar

Masu karatunmu sun san sunan ƙasar Masar tun suna yara, ta wurin labarin Yusufu da na Musa. A wannan wata za mu ba da labarin wani mutumin ƙasar, Zakariya Gunaim, wanda ya tono dalar wani Fir'auna da aka manta da shi.

An haife shi a shekarar 1905. Ya yi karatun al'amuran mutanen dā a Alƙahira, ya shiga aikin gwamnati na tsaron kayan tarihi. A 1951 aka ɗora shi bisa Sakkara, wata babbar makabarta wajen mil 20 kudu da Alƙahira. Nan ne dalar Sarki Zosar take, wadda ta girme dukan dalolin Masar. Dala kuwa kabarin sarki ce, ginin dutse mai faɗin gindi da tsinin kai.

Mu a Maruda in muka ga tudun kufai, mukan wuce abinmu. Zakariya bai wuce ba. Ya lura da wani tudun yashi kudu maso yamma da dalar Zosar, ya sa ma'aikata su tona. Suka fara cin karo da katangar farin dutse, daga baya suka iske gindin dala wanda kowane gefensa ya kusa ƙafa 400. Hawa ɗaya kaɗai magina suka yi, suka bar aikin, gama sarkin bai daɗe bisa gadon sarauta ba. Hatiman da aka samu a bakin tuluna suka nuna sunansa Sekemket, wanda ya gāji Zosar wajen shekara 2,600 kafin haihuwar Almasihu.

A 1954 aka buɗe hanyar da ta gangara ƙarƙashin ginin. Aikin da hatsari, har rufin ya rubza, ma'aikaci ɗaya ya mutu. Da aka ci gaba, sai aka sami mundaye 21 na zinariya. Can ƙarshe suka kai ɗakin sarki, ga akwatin gawa na farin dutse mai sheƙi, ƙofarsa a liƙe, ba alamar hannun ɓarawo. Labari ya gama duniya. Ran 26 ga Yuni, 1954, a gaban manyan ƙasa da 'yan jarida, aka ɗaga ƙofar da ƙyar. Ashe ba kome ciki.

Mutane suka watse da sanyin jiki. Amma masana sun gane darajar aikin, domin ya fito da sarkin da ba a san kabarinsa ba, ya kuma nuna yadda mutanen dā suke fara gina dala. Zakariya ya tafi Amurka ya yi lacca, ya rubuta littafi a kan aikin, aka buga shi a 1956.

Bayan wannan sai wahala ta zo. Aka nemi wani tulu mai daraja na ajiyar Sakkara, ba a gan shi ba, aka ce Zakariya ne ya fitar da shi waje ya sayar. Ba a kawo shaida ba, duk da haka 'yan sanda suka yi ta kiransa suna tambayarsa, sunansa ya ɓaci a gari. Abokinsa Lauer, Bafaranshe, bai yarda da zargin ba. Ya shiga gidan ajiye kayan tarihi na Alƙahira yana bincike, har ya iske tulun a wani lungu, lafiya lau. Amma albishir bai cim ma mai shi ba. A watan Janairu 1959 aka sami gawar Zakariya cikin kogin Nilu. Yawancin masu ba da labari sun ce baƙin ciki ne ya sa ya jefa kansa.

Abu biyu muka gani a nan. Akwati marar gawa bai karya Zakariya ba, harshen mutane ne ya karya shi. Lauer kuma ya yi abin da ya kamaci aboki, sai dai ya makara. Saboda haka in an ɗora wa wani sata a garinmu, kada mu ɗauki maganar mu kai gaba sai mun ga shaida. In kuwa mun san mutumin, mu je wurinsa tun yau, ya sani ba shi kaɗai ba ne.