Tarihin Marigayi Kyaftin Chari Maigumeri

A Kafanchan aka haife ni, kuma gidanmu ba shi da nisa da tashar jirgin ƙasa. Ta wannan tasha ce kakana ya bar gida lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, tare da samari da yawa daga ƙasar Jama'a, Kagoro da Zangon Kataf. Ya dawo daga Bama da tabon gyambo a ƙwauri, kuma idan yana ba mu labari, hirar tafiya ta fi ta harbi yawa. A bakinsa na fara jin sunan Chari Maigumeri, mutumin da nake son gabatar wa 'yan'uwana ɗalibai.

Chari, ko Kyari kamar yadda Barebari ke faɗa, an haife shi a Magumeri ta ƙasar Barno wajen shekarar 1897. Yana saurayi ya shiga sojan Jamus a Kamaru. Da Yaƙin Duniya na Farko ya ɓarke, ya yi faɗa a gefen Jamusawa har suka ba shi lambar yabo. A 1915 garin Garwa ya faɗa hannun Ingilishi da Faransawa, aka kama shi. A 1917 sai ga shi cikin kakin sojan Nijeriya, aka tura shi Gabashin Afirka ya yaƙi iyayen gidansa na jiya.

Wannan fage ya ci mutane ƙwarai. Jamusawa ba su cika tsayawa a yi gaba-da-gaba ba, sai dai a yi ta bin sawunsu cikin daji. A farkon 1917 damina ta tsare sojojin Nijeriya a bakin kogin Rufiji, a Tanzaniya ta yau. Hanyoyi suka yanke, abinci ya ƙare, har wasu suka riƙa tonon saiwoyi, waɗanda suka ci masu dafi suka rasa rayukansu. Zazzaɓi da atuni sun kashe mutane fiye da harsashi. A irin wannan makaranta Maigumeri ya ƙware.

Bayan yaƙi ya ci gaba da aiki, har a ƙarshen shekarun 1920 ya zama samanja na bataliya ta 3. Ga wanda bai sani ba, samanja shi ne gadar da ke tsakanin hafsoshin Turawa da ƙananan sojoji. Hausa ce harshen bariki a wancan zamani, da ita ake sarrafa Babarbare da Bajju da Tibi. Idan ƙafar yaro ta kumbura, ko ruwan gora ya ƙare, ko kewar gida ta karya masa zuciya, samanja ne zai tashe shi, ko da lallashi ko da tsawa.

A Yaƙin Duniya na Biyu ya sake komawa Gabashin Afirka. Sojojin Nijeriya suka ƙwace Mogadishu daga hannun Italiya a watan Fabrairu 1941, sannan suka ratsa hamadar Ogaden zuwa Harar ta Habasha, tafiyar da ta haura mil 1,000 cikin kusan wata guda. Galibi a mota aka yi ta, amma ƙishirwa da ƙura da zafin rana ba su raga wa kowa ba. A wannan yaƙi ya sami lambar jarumta.

Daga nan sai Bama, inda mota ba ta da amfani. Runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma sun yaƙi Japanawa a kwarin Kaladan da yankin Arakan a 1944 da 1945. Da adda ake sare hanya, a ka ake ɗaukar harsasai da kayan abinci, jiragen sama ne ke jefo guzuri. Ga tuddai masu santsi, ga matsattsaku, ga ruwan sama ba ƙaƙƙautawa. Maigumeri ya sha wannan wuya yana dab da shekara 50, cikin yaran da ya isa ya haifa, kuma a 1944 aka ƙara masa wata lambar.

Ya ajiye aiki a 1953, bayan shekara 36, da muƙamin kyaftin na girmamawa. Barikin soja na Lokoja yana ɗauke da sunansa.

Abin da ke damuna shi ne, ya yi wa Jamus yaƙi, ya yi wa Ingila, alhali ba ɗaya daga cikin rigingimun da ya faro daga ƙasarsa. Shi dai ya sami bariki. Dubban da suka bi bayansa, irin su kakana, labarinsu na bakin jikoki kawai, kuma baki yana mantuwa. Mu da muke nazarin harshe, hakki ne a kanmu mu bi gidajenmu a lokacin hutu mu rubuta abin da ya saura. Allah ya jiƙansu baki ɗaya, amin.