Hajiya Gambo Sawaba, 'Yar Baƙon da Ta Tsaya wa Talakawa

A wannan makon mu 'yan ƙungiyar 'yan jarida mun kawo muku tarihin wata mata da sunanta yake jikin babban asibitin Ƙofar Gayan a cikin Zariya. Da yawa daga cikinmu mun sha wucewa ta wurin muna zaton ko likita ce, ko matar wani sarki. Ashe ko firamare ba ta gama ba.

An haifi Hajiya Gambo Sawaba a shekarar 1933. Sunanta na yanka Hajaratu, amma da yake tagwaye ta biyo, sai aka riƙa ce mata Gambo. Abin da ya fi ba mu mamaki shi ne mahaifinta ba ɗan ƙasar nan ba ne. Sunansa Isa Amartey Amarteifio, mutumin Gana ne, ya zo Najeriya neman aiki a hukumar jirgin ƙasa. Mahaifiyarta Fatima kuma Banufiya ce. Irin waɗannan baƙi ne suka cika Sabon Gari tun da layin dogo ya iso Zariya: Yarbawa, Ibo, Nufawa, mutanen Gana da sauransu. Turawa ne suka ware musu unguwar a wajen ganuwar birni.

Ta fara karatu a makarantar En'e ta Tudun Wada, sai mahaifinta ya rasu a 1943, mahaifiyarta ma ba ta daɗe ba ta bi shi. Karatu ya tsaya ke nan. Tana da shekara 13 aka yi mata aure da wani tsohon soja. Da muka zo nan a karatunmu sai kowa ya yi shiru, domin shekarun yawancinmu ke nan a yau. Mu kukanmu jarrabawar lissafi ce, ita kuwa tana ɗakin miji, ba uwa ba uba. Auren ma bai yi ƙarko ba, mijin ya tafi ya bar ta da ciki.

A ranar 8 ga Agusta 1950 aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano, wadda daga baya Malam Aminu Kano ya jagoranta. Gambo ta shiga tana da shekara 17, a lokacin da mutane da yawa suke ɓoye cewa su 'yan NEPU ne saboda tsoron 'yan doka. Ba da daɗewa ba ta zama shugabar mata ta reshen Sabon Gari. Kalmar sawaba, wato samun sauƙi da 'yanci, ita ce taken jam'iyyar, ta kuma manne wa sunanta har yau. Ta je har Abekuta ta gana da Funmilayo Ransome-Kuti, wadda ta haɗa kan matan kasuwa suka ƙi harajin zalunci.

Abubuwan da take faɗa a bainar jama'a su ne a daina aurar da ƙananan yara, a daina aikin tilas da haraji mai nauyi, a sa 'ya'ya mata makaranta, a kuma bar matan Arewa su yi zaɓe. Saboda wannan an ɗaure ta sau 16. An taɓa kama ta a Kano tare da mata masu yawa wai sun yi taro ba izini, daga baya aka kore ta daga garin. Ta sha duka a hannun 'yan bangar siyasa. Mu a ganinmu ko ɗauri ɗaya ya isa ya sa mutum ya koma gida ya yi shiru, ita kuwa tana fitowa sai ta koma kan aikinta. Matan Kudu sun daɗe suna zaɓe, amma na Arewa sai a 1976 aka ba su dama. A Jamhuriya ta Biyu ta zama mataimakiyar shugaban jam'iyyar GNPP.

Gidanta na Sabon Gari kuma bai rabu da marayu da marasa galihu ba. Ta riƙe yara da yawa da ba ita ta haifa ba, ba ta duba yarensu ko garinsu. Ta rasu a watan Oktoba 2001. Allah ya jiƙanta. Ban da asibitin, akwai ɗakin kwanan ɗalibai mata mai sunanta a Jami'ar Bayero ta Kano.

Ba haka kawai muka zaɓi tarihinta ba. A zangon nan an kawo mana sababbin ɗalibai waɗanda iyayensu suka gudo daga ƙauyukansu saboda 'yan bindiga, suka sauka a nan Zabi da Samaru. Wasunsu sun yi shekara biyu ba su shiga aji ba. Mun ji ana yi musu dariya idan suka kasa karanta allo, ana ce musu 'yan ƙauye. Ba za mu ɓoye ba, har da wasunmu na cikin ƙungiya a masu dariyar, kuma mun ji kunya.

Don haka, da izinin malamar ƙungiyarmu, duk ranar Laraba bayan an tashi za mu zauna da su minti 30 a ƙarƙashin darbejiyar bakin ofis, mu yi bitar karatu da lissafi. Wanda yake da tsohon littafin aji ɗaya da ya gama da shi ya kawo. Mai son shiga ya rubuta sunansa da ajinsa a takardar da muka liƙa a ƙasan wannan allo, kuma don Allah kada a yage ta.