Sarki Amadu Kuran Daga da mazan da suka kwanta a Tirmini

Ƴan'uwa na gida da na tafiya, tun da an kawo shawarar mu yi karo-karo mu kafa dutse a bakin kasuwa, mai ɗauke da sunayen mutanen garinmu da suka mutu a yaƙi, ya kamata mu san sarkin da na farkonsu suka bi.

Amadu ɗan Sarki Tanimun ne, wanda ya kewaye Birnin Damagaram da ganuwa, ya tara bindigogi har da igwa. Ya hau gadon sarauta a 1893. Mayaƙi ne, ba a banza aka kira shi Kuran Daga ba, don ya kai yaƙi har cikin ƙasar Kano zamanin Sarki Alu.

A 1898 wani kaftin na Faransa, Cazemajou, ya sauka Damagaram. Lokacin nan Rabe ya riga ya ci Barno, fada kuwa ta ji tsoron kada baƙon ya je su haɗa kai da shi, a sa Damagaram tsakiya. Ran 5 ga watan Mayu aka kashe shi, shi da tafintansa. Wasu na cewa kuskure ne. Ni dai a ganina, ko an bar shi da rai Nasara suna tafe.

Shekara na zagayowa sai ga rundunar Voulet da Chanoine, wadda ta ƙone Lugu, ta yi ɓarna a Birnin Ƙonni. Su biyun nan sojojinsu suka harbe su wajen Maijirgi a watan Yuli 1899, amma rundunar ba ta watse ba. Hafsa Pallier ya ja ta gabas. Ƙarshen watan Sarki Amadu ya fito ya tare su a Tirmini, yamma da Birni. Dawakai da masu baka da ƴan bindigar gargajiya suka fuskanci bindigar da ke harbi ba tsayawa. Aka karya daga, Nasara suka shiga Birni. Sarki bai yi mubaya'a ba, ya fita daji, suka bi shi suka kashe a Rumji cikin watan Satumba. Allah ya jiƙansa.

To, ku duba. Barikin da Nasara suka gina a Damagaram sunan Cazemajou suka sa masa. Kushewun Voulet da Chanoine an san inda suke a Maijirgi. Talakan da ya bar gero a gona tsakiyar damina ya bi sarkinsa Tirmini, shi kam sunansa yana bakin tsofaffi kaɗai, tsofaffin nan kuwa kullum raguwa suke.

Saboda haka muna roƙon kowane mai gida ya zauna da dattawan gidansu, maza da mata, ya rubuto sunan mamacin da na ubansa da unguwarsu, ko da boko ko da ajami. Har da waɗanda aka ɗiba soja a yaƙin 1914 da na 1939 ba su komo ba. A ba magatakardan ƙungiya kafin taron bayan kaka.