Geoffrey Harris, likitan da ya gano yadda ƙwaƙwalwa ke mulkin haihuwa

An haifi Geoffrey Harris a birnin Landan na ƙasar Ingila cikin shekara ta 1913. Ya yi karatu a jami'ar Kambirij, ya kuma koyi aikin likita a Landan. Tun yana ɗalibi abu guda ya dame shi, watau sanin mai ba jikin mace umurnin sakin ƙwai a kan lokacinsa.

A zamanin nan masana sun ɗauka cewa wani ɗan ƙulli mai girman ƙwayar wake, wanda ke ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, likitoci na ce masa ifofiz, shi ne sarkin dukan ƙullayen da ke zuba sinadarai cikin jini. Harris ya ce wannan sarki ma yana da na gaba da shi. Cikin shekara ta 1937 ya taɓa gindin ƙwaƙwalwar zomaye mata da ƴar wutar lantarki, a wurin da ake kira ipotalamis, sai ga su sun saki ƙwai.

To, ta wace hanya umurnin ke sauka? Harris ya ce ta cikin waɗansu ƙananan jijiyoyin jini ne da suka haɗa ipotalamis da ifofiz. Cikin 1952, shi da Dora Jacobsohn ta jami'ar Lund a ƙasar Suwidin, suka cire wa ɓeraye mata ifofiz, suka dasa musu wani. Waɗanda aka dasa wa a ƙarƙashin ipotalamis, jijiyoyin suka sake tsiro, har waɗansu suka ɗauki ciki. Waɗanda aka dasa wa a wani gefen ƙwaƙwalwa kuwa, haihuwarsu ba ta komo ba. Wani babban masani, Solly Zuckerman, ya yi ta jayayya da shi, amma gaskiya ta tabbata ga Harris. Ya tattara bincikensa cikin littafi a 1955, aka kuma naɗa shi shehun malami a jami'ar Okusfod cikin 1962.

Jama'a masu karatu, ga amfanin wannan aiki. Bayan mace ta saki ƙwai, jikinta yana yin wani sinadari mai suna furojesteron, wanda ke gyara mahaifa don karɓar ciki. Shi ne kuma ke komawa ga ipotalamis ya rage saurin umurninsa, don kada wani ƙwai ya fito. A kan wannan ne aka gina magungunan tazarar haihuwa da yawa. Haka kuma ƙullin wuya da ake kira tiroyid, wanda in ya kumbura muke ce masa maƙoƙo, yana ƙarƙashin mulkin ipotalamis. Idan aikinsa ya yi rauni, ƙwaƙwalwa takan ƙara matsa masa, matsin nan kuma yakan tayar da sinadarin da ke kawo ruwan nono, shi kuwa ya danne umurnin sakin ƙwai. Sai al'ada ta rikice, ciki ya yi wuyar samuwa, ko kuwa ya zube. Sau da yawa magani na gyara wannan. Saboda haka bai kamata a ɗora wa mace laifi ba, a kai ta wurin likita, a kuma riƙa amfani da gishiri mai iyod, tun da rashinsa ne babban dalilin maƙoƙo.

Harris ya nemi ya ware sinadaran ipotalamis da hannunsa, amma waɗansu suka riga shi. Roger Guillemin, haifaffen Faransa, da Andrew Schally suka gano mai umurtar tiroyid cikin 1969, Schally kuma ya gano mai umurtar sakin ƙwai cikin 1971. A wannan shekara Harris ya rasu yana da shekara 58. An ba mutanen biyu kyautar Nobel cikin 1977, ita kuwa ba a ba wanda ya rasu. Amma hanyar da suka bi, Harris ne ya share ta.