Muhammadu Kanta, sarkin da ya kare 'yancin Kabi da ganuwar dutse

Muhammadu Kanta ya taya Askiya Muhammadu na Songhai yaƙin Agadas, amma wajen 1516 suka saɓa kan rabon ganima, ya ɓalle da ƙasar Kabi. Domin kare wannan 'yanci, ya tara magina suka kewaye Surame da ganuwar dutse da laka, Songhai kuwa ta kasa mayar da Kabi ƙarƙashinta. Ya rasu a tsakiyar ƙarni na 16. Daga baya magadansa suka koma Birnin Kebbi, sannan Argungu, inda gidan tarihi ke ɗauke da sunansa. A 1964 aka sanya kufan Surame cikin kayan tarihin ƙasa. Sunan sarkin ya wanzu, na maginan da suka ɗora duwatsun kuwa ya ɓace.