John Akii-Bua, gwanin tsallake shinge da ya ci zinare a Surulere

Duk sanda muka yi lodin shanu daga Jalingo zuwa Legas, idan an sauke kaya an huta, nakan ɗan zaga gari. Na sha wucewa ta gaban babban filin wasa na ƙasa da ke Surulere, kuma da yawa daga cikinku mazauna Agege da Idi-Araba kun fi ni saninsa. A cikin filin nan, a watan Janairun 1973, wani ɗan sandan Yuganda ya ci lambar zinare a tseren mita 400 na tsallake shinge, lokacin gasar wasannin Afirka karo na biyu. Sunansa John Akii-Bua. A ranar, kaf duniya babu wanda ya taɓa yin gudunsa a wannan tsere.

Yau idan aka ce tsallake shinge, Tobi Amusan ake tunawa, wadda ta kafa tarihin daƙiƙa 12.12 a 2022, da 'yan matan Jamaika irin su Danielle Williams da take fafatawa da su. Amma shekara 50 kafin Tobi, wannan bawan Allah ne ya fara nuna cewa ɗan Afirka ba dogon gudu kaɗai ya iya ba.

An haife shi a 1949 a ƙasar Lango, arewacin Yuganda. Gidansu babban gida ne, mata da yawa, 'ya'ya sun haura 40. Karatunsa bai yi nisa ba. Ya gangara Kampala ya shiga aikin ɗan sanda, a nan aka ga yana da ƙafa. Da farko gajeren tsere yake yi, na mita 110, sai wani koci Bature ɗan Ingila, Malcolm Arnold, ya mayar da shi mita 400.

Wanda bai san tseren nan ba zai ɗauka wasa ne. Zagaye ɗaya ne na fili, shinge goma a hanya, kowanne tsayinsa ya ɗan haura santimita 91, tsakaninsu mita 35. Dole mutum ya ƙirga takunsa yana cikin gudu. In ka yi kuskuren taku ɗaya, ko ka daki shinge ko ka rage gudu, shi ke nan an wuce ka. Wajen shinge na takwas ƙafa ta yi nauyi, numfashi ya ƙare, amma shingen bai rage tsayi ba. Don haka Akii-Bua yakan yi atisaye sanye da riga mai nauyin da ya haura kilo 10, ya yi ta zagaya fili yana tsallake. Ni da na taɓa bin bijimi da ya tsinke a kasuwar Iware, na san yadda ƙirji ke yi bayan minti ɗaya kacal.

A 1970 ya zo na huɗu a gasar Commonwealth a Edinburgh. Sai Olamfik ta Munich a Jamus, 1972. A zagayen ƙarshe aka ba shi layi na ɗaya, wanda 'yan tsere ba sa so saboda kwanarsa ta fi matsewa. Ga David Hemery na Birtaniya, mai riƙe da kambu da tarihin duniya, ga Ralph Mann na Amurka. Akii-Bua ya bar su duka a baya, ya gama a daƙiƙa 47.82. Shi ne mutum na farko da ya sauko ƙasa da 48. Kuma da ya tsallake layin ƙarshe bai tsaya ba, ya ci gaba da zagaya fili yana tsalle yana ɗaga wa 'yan kallo hannu. Shekararsa 22.

To, daga nan ne abin ya fara juyewa. Idi Amin ke mulki, bayan ya hamɓarar da Milton Obote a 1971. Obote kuwa ɗan Lango ne, ƙabilar Akii-Bua. Amin ya ba shi gida, ya ƙara masa girma, aka sa wa titi sunansa a Kampala, alhali sojojin gwamnatin na ta kashe mutanen Lango da Acholi. Har cikin 'yan'uwansa an rasa wasu. Sunansa ne ya tsare shi, amma fita waje gasa ta yi masa wuya.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne 1976. Yana kan ganiyarsa, an je Montreal, ana jiran karonsa da wani matashi Ba'amurke, Edwin Moses. Sai ƙasashen Afirka, har da Najeriya, suka ƙaurace wa gasar saboda New Zealand ta tura 'yan wasan zari-ruga Afirka ta Kudu ta wariyar launin fata. Ban ce ƙauracewar kuskure ba ce, dalilinta mai ƙarfi ne. Sai dai waɗanda suka yanke shawarar ba su ne suka yi shekara huɗu suna gudu da rigar nauyi ba. Moses ya ci zinaren, ya kuma karya tarihin Akii-Bua, shi kuwa ko taku ɗaya bai yi ba.

A 1978 ya samu azurfa a Aljiyas. Da gwamnatin Amin ta faɗi a 1979, aka shiga farautar duk wanda ake ganin ya ci moriyarta, ya kwashi iyalinsa ya tsere Kenya. Gwarzon Olamfik ya kwana a sansanin 'yan gudun hijira. Kamfanin Puma, mai yi masa takalma, shi ya ɗauke shi zuwa Jamus ya ba shi aiki. Ya je Moscow a 1980, amma ƙafar ta riga ta tafi, bai kai zagayen ƙarshe ba.

Ya koma gida a 1983, ya sake sa kakin ɗan sanda. Matarsa ta riga shi rasuwa. Shi ma ya rasu a watan Yunin 1997 a asibitin Mulago da ke Kampala, yana da shekara 47, ya bar 'ya'ya 11 kuma bai bar wata dukiya ba. Yuganda ba ta sake ganin zinaren Olamfik ba sai a 2012, da Stephen Kiprotich ya ci gudun fanfalaƙi a Landan.