Dakta Ernest Codman: Likitan Kafaɗa Da Ya Wallafa Kurakuransa Da Hannunsa

Duk wanda ciwon kafaɗa ya taɓa kai shi sashen gashin ƙashi, ko a Asibitin Ƙashi na Dala ko a Asibitin Nassarawa nan Kano, da wuya a ce ba a koya masa wani motsa jiki mai sauƙi ba. Za a ce ya sunkuya, ya dafa tebur da hannunsa mai lafiya, ya saki mai ciwon yana reto, sannan ya riƙa lilo da shi a hankali, gaba da baya, hagu da dama. Likitoci a duk duniya suna kiran wannan motsi da sunan wanda ya bayyana shi, wato Dakta Ernest Amory Codman, likitan tiyata ɗan ƙasar Amurka da ya rasu a 1940. Abin da ya bar wa marasa lafiya ya wuce wannan lilon nesa ba kusa ba. Shi ne ya dage cewa aikin likita bai ƙare ranar da aka sallami majinyaci ba, sai an bi sawunsa an ga ko ya warke.

Tasowarsa da karatunsa

An haifi Codman ranar 30 ga Disamba, 1869, a birnin Boston, cikin gidan masu hali. Ya yi karatu a Jami'ar Harvard, ya kammala makarantar likitanci a 1895. Tun yana ɗalibi ya yi tafiya zuwa Turai da Masar. A birnin Biyena na ƙasar Ostiriya ya fara jin bayanin wata 'yar jakar ruwa da ke kwance tsakanin tsokar kafaɗa da jijiyoyin da ke ƙarƙashinta, wadda ke hana su gogar juna. Malamansa na gida ba su ba ta muhimmanci ba. Shi kuwa ta tsaya masa a rai har ƙarshen rayuwarsa.

A wancan zamani ɗaliban likitanci ne ke shaƙa wa majinyata maganin sa barci a ɗakin tiyata, kuma mutane kan mutu a hannunsu. Codman da abokin karatunsa Harvey Cushing, wanda daga baya ya zama babban likitan tiyatar ƙwaƙwalwa, suka fito da wata takarda da ake rubuta bugun zuciya da numfashin majinyaci a kai a kai har a gama aiki. Takardar da mai ba da maganin barci ke cikewa a yau jikanyar tasu ce.

A ƙarshen 1895 aka gano hasken da ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a Jamus. Codman na cikin likitocin farko a Boston da suka rungumi abin. Ya shafe shekaru yana ɗaukar hotunan ƙasusuwa da gaɓoɓi a yanayi daban-daban, a miƙe da a lanƙwashe. Wannan ya sa ya san yadda gaɓa ke motsi a jikin mai rai fiye da yawancin abokan aikinsa.

Abin da ya gano a kafaɗa

Kafaɗa ta fi kowace gaɓa a jiki sakewa. Kan ƙashin dantse mulmulalle ne, gurbin da yake zaune a jikin allon kafaɗa kuwa ƙarami ne, ba shi da zurfi. Abin da ke riƙe da shi tsokoki ne guda huɗu da jijiyoyinsu suka lulluɓe kan ƙashin. Wadda ta fi yawan tsagewa ita ce ta sama, wadda likitoci ke kira sufrasifinatus.

Kafin Codman, yawancin ciwon kafaɗa a kwando ɗaya ake zuba shi: a ce sanyin ƙashi ne, ko targaɗe, ko kuma a zargi lebura da ƙaryar ciwo don gudun aiki, tunda hoton ƙashi ba ya nuna jijiya. A 1906 ya wallafa nazari kan kafaɗa mai ciwo da sandarewa. A 1911 kuma ya ba da rahoton mutum biyu da jijiyar saman kafaɗarsu ta tsinke gaba ɗaya, ya ɗinke musu, hannu ya dawo aiki. Wannan na cikin rahotannin farko na irin wannan tiyata, wadda a yau ake yi har da na'urar leƙa gaɓa ta ƙaramar kafa.

Ya bayyana kamannin wanda jijiyar ta tsinke masa dalla-dalla. Galibi mai aikin ƙarfi ne da ya haura shekara 40. Ya faɗi ko ya ɗaga kaya, ya ji zafi mai tsanani na ɗan lokaci, da dare ciwon ya hana shi barci, washegari ya kasa ɗaga hannu da kansa, amma idan wani ya ɗaga masa sai ya ɗagu. Ya kuma lura cewa idan aka yi jinkiri jijiyar na janyewa, tsokar ta motse, ɗinkin ya yi wuya. Har gobe da waɗannan alamomi muke fara zargin cutar, kafin a kai ga hoto.

Katin sakamako

Duk wannan ilimi bai same shi a ɗakin tiyata kaɗai ba. Ya same shi ne saboda yana kiran majinyatansa su dawo. Tun farkon shekarun 1900, yana aiki a Babban Asibitin Massachusetts, ya fara buɗe wa kowane majinyaci kati: abin da ya kawo shi, cutar da aka zata, aikin da aka yi, matsalar da ta biyo baya, da halin da yake ciki bayan aƙalla shekara guda. Idan bai warke ba, sai a rubuta dalili. Ra'ayinsa shi ne kowane asibiti ya yi haka, ya bayyana sakamakon ga jama'a, kuma a riƙa ɗaga darajar likita bisa sakamakon aikinsa, ba bisa daɗewarsa ba.

Manyan asibitin ba su yi na'am ba. A 1911 ya buɗe nasa ɗan asibitin mai gado 12 a unguwar Beacon Hill. A 1914 ya ajiye aiki a babban asibitin don nuna rashin amincewa da tsarin ƙarin girma, sannan ya rubuta takardar neman a naɗa shi shugaban sashen tiyata, bisa hujjar cewa sakamakonsa na shekaru ya fi na sauran. Ba a ba shi ba.

A watan Janairun 1915, a wani taron likitocin Boston da shi ke shugabanta, ya warware wani ƙaton zane a gaban jama'a. Zanen jimina ce ta tusa kai cikin yashi tana harbo ƙwan zinare, likitoci suna cafewa. Jiminar ita ce attajiran birnin da ke biyan kuɗi ba tare da sun tambayi sakamako ba. Jaridu suka ɗauka, abokan aiki suka fusata. Ya rasa kujerarsa a ƙungiyar likitocin, ya rasa koyarwarsa a Harvard, masu turo masa marasa lafiya suka janye. Codman mutum ne mai kaifin baki, kuma wannan hali ya jawo masa maƙiyan da da lallashi wataƙila sun saurare shi.

Bai tsaya kan laifin wasu ba. Ya buga rahoton asibitinsa da kuɗin aljihunsa, ya rarraba. A cikin majinyata 337 da aka sallama tsakanin 1911 da 1916, ya lissafa kurakurai 123. Ya kasa su kashi-kashi: na ƙarancin sani ko gwanintar hannu, na kuskuren shawara, na ƙarancin kulawa ko kayan aiki, na kasa gane cuta. Ya ware waɗanda cutar ce ta fi ƙarfin magani, da waɗanda majinyaci ne ya ƙi bin shawara. Har ya rubuta yadda ya ɗaure bututun ɗaci bisa kuskure a wata tiyatar matsarmama, abin ya yi sanadin rasuwar majinyaciyar. Ya nemi sauran asibitoci su fito da nasu rahoton. Kusan babu wanda ya amsa.

Duk da haka ra'ayin ya sami ƙofa. Ya shugabanci kwamitin daidaita ingancin asibitoci, aikin da Kwalejin Likitocin Tiyata ta Amurka, wadda aka kafa a 1913, ta ɗauka daga baya. Da aka fara duba asibitoci a 1918, cikin 692 guda 89 kacal suka cika mafi ƙarancin sharuɗɗa. Daga wannan shiri aka sami hukumar tantance asibitocin Amurka a 1951.

Yaƙi, bashi da ciwon dajin ƙashi

A watan Disamban 1917 wani jirgin ruwa maƙare da makamai ya fashe a tashar Halifax ta ƙasar Kanada, mutum kusan 2,000 suka mutu. Codman ya tafi agaji, daga nan ya shiga aikin soja a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Da ya dawo ya tarar asibitinsa a rufe, bashi kuma ya yi masa katutu. Asibitin bai sake buɗewa ba.

A farkon shekarun 1920 ya kafa rajistar ciwon dajin ƙashi, tare da masanan cututtuka James Ewing da Joseph Bloodgood. Ya riƙa rubuta wa likitoci wasiƙu yana neman bayanin majinyatansu, da hotuna, da samfurin tsoka, don a san wane magani ne ke tsawaita rai. Ita ce rajistar ciwon daji ta farko da ta game ƙasar Amurka. Wata alama mai kusurwa uku da ake gani a hoton ƙashin da daji ya kama, har yau da sunansa ake kiranta.

Littafin kafaɗa

A 1934 ya fito da littafinsa mai suna The Shoulder, wato Kafaɗa, wanda shi ma da kansa ya ɗauki nauyin buga shi. Ana ɗaukarsa a matsayin tushen fannin tiyatar kafaɗa. A ciki ya nuna cewa ɗaga hannu ba aikin gaɓa ɗaya ba ne: ƙashin dantse da allon kafaɗa tare suke tafiya cikin tsari, kuma lalacewar wannan tsari alamar ciwo ce. Shekara goma bayan haka, a 1944, Verne Inman da abokan aikinsa suka auna motsin, suka nuna cewa kusan kashi biyu cikin uku daga gaɓar yake fitowa, kashi ɗaya daga juyawar allon. Shi ya sa likita ke tsayawa a bayanka yana kallon allon kafaɗarka idan ya ce ka ɗaga hannu.

A littafin ne kuma ya raɗa wa sandarewar kafaɗa sunan da ake kiranta da shi yau, mai ma'anar daskararriyar kafaɗa. Ciwon yana shigowa a hankali, mutum ya kasa kwanciya a ɓangaren, ya kasa kai hannu baya ko sa riga, hoton ƙashi kuma ya fito lafiya lau. Ya ce yawanci tana sakewa cikin kimanin shekara biyu. Binciken baya ya nuna wasu kan rage da ɗan tauri, kuma masu ciwon suga sun fi kamuwa da ita. Gyara maganarsa da aka yi ma ta hanyarsa aka yi shi, wato bin sawun majinyata na tsawon shekaru.

Codman ya rasu ranar 23 ga Nuwamba, 1940, sanadiyyar ciwon dajin fata, yana da shekara 70. Bai bar dukiya ba. An binne shi a maƙabartar Mount Auburn, a filin dangin matarsa Katharine Bowditch, ba tare da wata alama a kabarin ba. Sai a 2014 ƙungiyoyin likitoci suka haɗa kuɗi suka sa masa alama.

Abin da ya shafe mu

Katin Codman ba ya cika sai majinyaci ya dawo, kuma nan ne muke da rauni. Da yawa daga cikinmu idan zafi ya lafa sai mu manta da ranar da aka rubuta mana. Wasu kuma idan sauƙi ya yi jinkiri sai su koma wajen maɗori ba tare da likita ya sani ba. Ta kowace fuska majinyaci ne ke asara, likitan kuma bai san abin da aikinsa ya haifar ba, balle ya gyara wa na gaba.

Don haka a kiyaye waɗannan:

Idan an yi maka aiki a kafaɗa ko gwiwar hannu, ka koma duk ranar da aka ba ka, ko da ka ji garau. Gwiwar hannu na saurin sandarewa bayan karaya, kuma gyaranta ya fi sauƙi a makonnin farko.

Ka adana katinka, hotunanka da takardar sallama wuri ɗaya, ka tafi da su duk asibitin da za ka.

Kafin tiyata ka tambayi likita me ake fatan samu, wace matsala ke iya biyo baya, da tsawon lokacin gashin ƙashi. Tambaya ba raini ba ce.

Wanda ya faɗi ya kasa ɗaga hannu da kansa, kada ya jira watanni yana shafe-shafe. Mai ciwon suga da kafaɗarsa ta fara tauri ya faɗa wa likitansa.

Yaron da ya karye a gwiwar hannu a kai shi asibiti a ranar. Idan an ɗaure hannun kuma yatsu suka kumbura, suka yi sanyi, suka canza launi, ko zafi ya yi ta ƙaruwa, a garzaya da shi nan take, domin ɗauri mai tsauri na iya tsayar da jini har hannun ya lalace.

Shi kansa lilon Codman, kada a fara shi bayan karaya ko tiyata sai likita ko ma'aikacin gashin ƙashi ya ce lokaci ya yi. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.